Haruffa masu tudu a kan allon fleks: me zai riƙe su?

Sabon hannu (Bolari):
Assalamu alaikum iyayen gida. Akwai aikin allon kemis a hannuna, ƙafa 12 a ƙafa 3, fleks a kan firam ɗin faif, da wuta a ciki. Mai shagon yana son sunan ya fito da haruffa masu tudu, tsayin inci 14. Da wane gam ake liƙa su? Wasu sun ce sufa gulu, wasu sun ce silikon.

Mai allo (Jekadafari):
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ajiye maganar gam tukuna. Fleks ba ya ɗaukar kaya. Zare ne aka saƙa aka lulluɓe da roba, kuma don robar ta yi laushi akwai wani mai da ake haɗa ta da shi tun daga kamfani. Da zafin Maris da Afrilu ya kama, man nan sai ya tsattsafo ya shiga gam, ya mayar da shi danƙo. Tef mai fuska biyu shi ke fara saki. Sufa gulu yana kamawa, amma yana sandarar da wurin, iska na kaɗa allon sai fleks ɗin ya tsage daidai bakin harafin. Silikon kuwa bar shi ya bushe ka ja da yatsa, zai ɓare gaba ɗaya. Nauyin harafi a kan firam zai zauna, fleks ratsa shi kawai za a yi.

Mai walda (Tashan Dukku):
Maganar Malam mai allo ita ce magana. Kafin a ja fleks, a yi wa firam walda da faif mai inci ɗaya guda biyu a kwance, daidai inda haruffa za su hau: ɗaya inci 3 ƙasa da kan harafi, ɗaya inci 3 sama da gindinsa. A goge waldar ta kwanta, a shafa jan fenti na hana tsatsa, ya bushe. Duk tsinin da aka bari zai ci fleks daga baya. Sai a ja fleks ya yi tauri, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu, a ƙara ja inda ya saki. Kada a huda kafin wannan. In ka huda sannan ka ja, ramin zai bar wurinsa, kuma fleks zai tattare kewaye da noti.

Mai allo (Jekadafari):
Hudar ma akwai yadda ake yi. Buga sunan a takarda daidai girmansa, liƙa ta a fuskar allon da tef ɗin takarda, ka sa alamar kowane rami. Fleks ɗin da ƙusa mai zafi ko ƙarfen soda (na liƙa waya da dalma) za ka huda shi, don bakin ramin ya narke ya haɗe. Reza tana barin tsagi, tsagin kuma tafiya yake yi. Faif ɗin sai injin huda. Kowane harafi mai inci 14 ya sami bol uku aƙalla, M da W huɗu, mai kaurin milimita 5 ko 6. Washar roba a gaba da baya, sannan noti. Sayi bol ɗin da ba ya tsatsa ko da ya fi tsada, domin damina ɗaya ta isa na baƙin ƙarfe ya zubo da jan layi a kan farin fleks, kuma ba ya wankuwa.

Sabon hannu (Bolari):
Na gode oga. Amma da wuta a ciki, faif ɗin ba zai fito da dare ba?

Mai haɗa wuta (Pantami):
Zai fito ƙwarai, layi biyu baƙi tsakanin haruffa. Don haka a allo mai wuta ba ma manna faif da fuska. A mayar da shi baya inci 4 zuwa 5, fitilun LED su kasance a gefensa ko gabansa, sai a yi amfani da dogon bol da aka zura wa ƙaramin bututu ya tokare tsakanin faif da fleks. Inuwar bol tana ɓuya a bayan harafi. Idan haruffan ƙanana ne, kamar lambar waya mai inci 4, ba sai faif ba: yanka tagwayen harafin da Perspex (roba mai tauri kamar gilashi) marar launi mai milimita 3, ka sa a baya, fleks a tsakiya, ka ɗaure su da ƙananan bol biyu. Ka kunna wutar a cikin shago da dare ka duba kafin a ɗaga allon sama. Gyaran inuwa a kan tsani wahala ce.

Mai yankan harafi (Herwagana):
A duba nauyi tun wajen zaɓen kaya. Perspex mai milimita 3 ya kai kilo 3.6 a murabba'in mita, fom bod (allon roba mai kumfa a ciki) mai milimita 10 wajen kilo 5 zuwa 6. Amma ba nauyin ne ke cire harafi ba, iskar farkon damina ce. Guguwar da ta kai kilomita 90 a awa tana danna kusan kilo 40 a kowane murabba'in mita, fleks ya shige ya dawo, harafi kuwa yana tsaye. Saboda haka kada a bar tazara mai yawa, inci ɗaya tsakanin harafi da fuska ya isa. Sannan ramin da ke jikin Perspex ya fi bol ɗin faɗi da milimita 2, kuma kada a matse noti har ƙarshe. Perspex yana buɗewa da zafi, mita ɗaya takan ƙaru da kusan milimita 2 tsakanin sanyin asuba da ranar azahar. Ramin da ya matse, nan tsagewa ke farawa.

Mai sitika (Tudun Wada):
Tambarin kemis ɗin da ƙananan rubutu, in da sitika za ka yi, bayan an gama jan fleks ne, kafin a hau da haruffa. Goge fuskar da sipirit, ba fetur ba, ba tina (ruwan tsinka fenti) ba, su biyun suna cin robar. Fesa ruwa mai ɗigon sabulu kaɗan, wani ya tokare da katako mai laushi daga baya, ka matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe. Yi da safe a inuwa. Sitika mai arha man da Malam ya ambata yana sa ta yamutse ta ja baki, ƙurar hunturu ta maƙale a gefen. Ka gaya wa mai shago farashin mai kyau tun yanzu.

Sabon hannu (Bolari):
Allah ya saka da alheri, iyayen gida. An riga an ja fleks ɗin jiya, ba faif ɗin riƙe haruffa a baya.

Mai walda (Tashan Dukku):
Kwance shi, ɗan'uwa. Kada a yi walda kusa da fleks, tartsatsi ɗaya ya huda shi. Ka ajiye shi a naɗe, ba a ninke ba, don kada layi ya fito a fuskar.