Batirin karaban a lokacin ajiya: a haɗa shi da sola ko a cire shi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da karaban, wato ɗakin kwana mai tayoyi da ake ɗaura wa mota ta ja, kuma zan ajiye shi kimanin wata biyar. A ajiyar bara na bar batirin a haɗe, ina ganin tunda fitilu duk a kashe suke babu abin da zai same shi. Da na dawo, mita ta nuna bolt 11.4, kuma tun daga ranar bai sake riƙe caji ba, har sai da na sayi sabo. Sabon na ruwa ne, mai bolt 12 da ƙarfin amfiya-awa 110, kuma ina da farantin sola mai wat 40. Shin zan iya haɗa farantin da batirin kai tsaye, ko kuwa ya fi in cire batirin in tafi da shi gida?

Mai gyaran lantarki:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka haɗa shi kai tsaye. Farantin da ake kira na bolt 12, idan rana ta take kuma babu abin da ke jan wuta, yana kaiwa bolt 21 ko 22, naka kuma zai iya tura amfiya biyu da ɗoriya. Muddin batirin yana da sauran gurbi zai karɓa, amma da zarar ya cika farantin ba zai san ya cika ba, sai ruwan cikin batirin ya riƙa tafasa yana ƙafewa har farantan dalmar da ke cikinsa su fito fili. Abin da kake bukata shi ne na'urar daidaita caji a tsakaninsu, wadda za ta kai batirin kusan bolt 14.4, sannan ta sauko ta riƙe shi tsakanin 13.5 da 13.8. Ƙarama samfurin PWM, wato mai sauƙin tsari, ta wadatar da faranti mai wat 40, domin ɗaya samfurin, wato MPPT, tana nuna amfaninta ne a kan manyan faranta.

Wajen haɗawa, ka fara ɗaura batirin a na'urar kafin farantin, saboda da wutar batirin take gane ko tsarin na bolt 12 ne ko 24, kuma ka sa fis a kan jar waya dab da kan batirin.

Game da na bara kuwa, ba na zargin batirin kansa. Kashe fitilu ba ya hana ƙararrawar tsaro, na'urar bin sawu da ƙwaƙwalwar rediyo shan wuta dare da rana. A ce dukansu suna jan miliamfiya 40 kacal, wannan ya kusa amfiya-awa ɗaya a kullum, a wata biyar ke nan ya haura 140, alhali batirin 110 yake ɗauka. Idan batirin dalma irin naka ya daɗe babu caji, gishirin da ke taruwa a jikin farantansa yakan daskare ya yi tauri, caji ba ya iya narkar da shi kuma. Wannan ne ya kashe maka shi.

Mai karaban tun tuni:

Maganar injiniya daidai ce, sai dai ina so ɗan'uwa ya fara duba inda zai ajiye karaban ɗin, domin duk lissafin nan ya rataya ne a kan rana. Na taɓa lulluɓe nawa da tamfol saboda ƙura da ruwan sama, na manta cewa farantin yana ƙarƙashinsa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ita kanta na'urar daidaita cajin tana shan 'yar wuta daga batirin, don haka maimakon ta taimaka, sai ta shiga sahun masu zuƙe shi. Inuwar reshe ɗaya ko kashin tsuntsu a kan ɓangaren faranti ma na iya rage abin da yake bayarwa fiye da yadda ido zai zata.

Idan wurin rufaffe ne, shawarata ita ce ka cika batirin, ka cire baƙar waya, ka ajiye shi a busasshen wuri mai sanyi-sanyi, kana yi masa caji kowane wata ɗaya ko biyu. Zafi ne ke hanzarta zubar wutarsa ko da ba a haɗa shi da komai ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. A fili yake, rana na dukansa tun hantsi har la'asar, kuma ba zan iya cire wayar ba saboda ƙararrawar tsaro. Ta yaya zan tabbatar cewa cajin yana tafiya yadda ya kamata?

Mai gyaran lantarki:

To, sola ce ta dace da kai, Malam. Amma kada ka yarda da abin da mita ta nuna da rana tsaka, domin wutar farantin kake karantawa. Ka auna da sassafe kafin rana ta fito, ko ka cire farantin ka bar batirin ya huta na wasu sa'o'i. Idan ka ga 12.6 zuwa 12.8, a cike yake. Idan ya sauko 12.4, ka nemi dalili tun da wuri, 12.2 kuwa yana nufin rabi ya tafi.

Duk wata ka goge farantin, ka duba ruwan batirin idan irin mai murafu ne, ka ƙara masa tataccen ruwan batiri (distil) kawai, ban da na famfo, ban da asid. Ka bar ƙofar iskar akwatin batirin a buɗe, saboda iskar da yake fitarwa yayin caji tana kama wuta. Ka kuma tabbatar an saita na'urar a kan batirin ruwa, domin na litiyam tsarinsa daban ne: shi an fi son a ajiye shi da kusan rabin caji, kuma ba a yi masa caji idan sanyi ya kai na ƙanƙara.