Ziyarar abokan da suka yi ritaya suka koma gona

Da muka zauna da tsoffin abokan aiki kan zuwa gaida 'yan uwanmu da suka ajiye aiki suka koma noman shinkafa a ƙauyukan Kura, maganar lokaci ce ta fi ɗaukar hankali. Kowa ya yarda kada a je da hantsi a tsakiyar damina, domin mai gida yana gona, zuwanka zai katse masa aiki. A bari sai bayan La'asar, ko kuma lokacin kaka. A kira tun kwana biyu kafin tafiya, don wani wurin sai an hau tudu ake samun sabis.

Tsaraba kuwa, an fi son sukari, ganyen shayi, sabulu da goro. Wani dattijo ya ƙara da cewa a tambayi iyali a asirce ko Malam yana shan maganin hawan jini, a sayo masa. Wannan shawarar ta taɓa ni ƙwarai.

An yi saɓani kan zancen fansho. Ni ina tare da masu cewa a bar zancen sai mai gida ya tayar da shi da kansa. In ya ba ka tiyar shinkafa, karɓi da hannu biyu, kada ka ciro kuɗi.