Kyamara ce ke yin hoto ko mai riƙe da ita?

Ɗan koyo, Zariya: Assalamu alaikum. Ina tara kuɗin sabuwar kyamara, maigidana kuma ya ce tsohuwar ta ishe ni. Ku da kuka daɗe a harkar, me kuka gani da idonku?

Mai hoton hawa, Kano: Wa alaikumus salam, ƙanena. Canon 600D ta hannu nake riƙe da ita, ƙirar 2011, kuma ita ta ɗauko hoton da aka fi saye a wurina, na Hawan Daushe. Sanin Ƙofar Kudu ne ya ba ni shi. Na san inda dawakan hakimai ke ɓullowa, na san bayan la'asar rana kan ratsa ƙurar daga yamma, sai na ba ta baya na jira. Na ga baƙi da kyamarorin miliyoyi sun fuskanci rana, fuskokin mahayan duk suka fito duhu. Sai dai wurin jahi, doki a guje, dole in sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa, kuma da magariba ta gabato, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya haura 1600, hoton kan cika da yashi-yashi.

Mai hoton biki, Kaduna: Malam, ai nan maganar take. A zauren dina fitilu ja da shuɗi ne, leshi yana ƙyalli, amarya kuma ba za ta sake shigowa don ni ba. Hotunana sun riƙa fita dishi-dishi har na sayi lensi 50mm f/1.8 (lambar f ita ce faɗin kafar shigar haske, in ta yi ƙasa hasken ya fi yawa). Lensin da ke zuwa da kyamara, in ka zuƙo shi, f/5.6 yake tsayawa. Hasken da sabon ke sha ya kusa ninki goma. Ƙanena, jikin kyamarar bar shi, kuɗin nan zuba su a lensi da filashi.

Mai sayar da atamfa, Maraɗi: Ni waya kawai gare ni. Ƙarfe takwas na safe nake shimfiɗa kaya a inuwar zaure, launin ya fito yadda yake, mai saye ba ya dawo mini da ƙorafi. Seydou Keïta ma, shahararren mai hoton Mali, da ya buɗe wurin hotonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida yake ɗaukar mutane da hasken rana.

Ɗan koyo, Zariya: Na gode, Yaya na Kaduna. Bikin da ke gabana na dare ne. Lensin nan, in na hannu ne, me zan duba kafin in biya?