Wai a Kano wa ke ƙarƙashin wa a harkar tsaro?

Ɗan Ɗorayi:
Salamu alaikum jama'a. Ƙwacen waya ya ishe mu a layinmu, har muka yi shawarar kafa 'yan sintiri. Da aka zo maganar takardar neman izini sai gardama ta kaure. Wani ya ce gidan gwamnati za a kai tunda gwamna ne shugaban tsaro na jiha, wani ya ce gwamna ko kurtu ɗaya ba shi da shi. Masu sani, ya abin yake?

Malamin Sakandare:
Wa alaikumus salam. Na biyun ya fi kusa da gaskiya. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. Kwamishinan da ke zaune a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai daga Abuja aka turo shi, Sufeto Janar ne ubangidansa, albashinsa ma daga can yake zuwa. A ƙarƙashinsa akwai kwamandojin yanki, sannan DPO-DPO da ke caji ofis. Gwamna na iya ba shi umarni kan zaman lafiya, amma sashe na 215 ya ba kwamishina damar cewa a fara miƙa maganar ga shugaban ƙasa. To ka ga inda gizo ke saƙa. Gwamna zai sayi motoci ya zuba mai, ya kira taron majalisar tsaro kowa ya hallara, amma ba shi ke naɗawa ko sauyawa ba. Haka DSS ('yan sandan farin kaya), Sibil Difens da NDLEA (masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi), duk na tarayya ne.

Maman Ilham:
Malam ka manta da namu na gida. Hisba ta jiha ce, da dokar 2003 aka kafa hukumar, gwamna ne ke naɗa kwamandanta. Ba sa riƙe bindiga, kuma rabin aikinsu sulhu ne. Je ka ofishinsu na Sharaɗa da safe ka ga layin mata da goyo, wannan rigimar ciyarwa, waccan ta gado. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, ita ma ta jiha ce tun 2012, ita titi ne nata. Sai 'yan kwana-kwana.

Baba na Fagge:
Yaran nan kun tuna min da. Mu mun taso mun tarar da 'yan doka na En'e, ga dogarai a fada da jar riga da kore. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka narkar da 'yan dokan cikin 'yan sandan tarayya, saboda koke-koken cewa ana amfani da su kan 'yan adawa. Masu kiran 'yan sandan jiha yau su riƙa tuna wannan. Kai kuma ɗana, bar batun gidan gwamnati. Ku fara da mai unguwa, ya kai ku wajen dagaci, sannan ku je wa DPO da sunayen 'yan sintirin da hotunansu. In sun kama ɓarawo su miƙa shi caji ofis, kada a taɓa shi.

Ɗan Ɗorayi:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma kuɗin fitila da usur fa, gida-gida za mu bi, ko ƙaramar hukuma tana taimakawa?