Taram: jirgin titi ko motar dogo?

Assalamu alaikum, malamai da masu sha'awar harshe. Ina shirya wa ɗalibaina a nan Gusau darasi kan tarihin sufuri a birnin Alƙahira da ke bakin kogin Nilu, sai wata kalma ta tsayar da ni, wato abin da Turawa ke kira taram. A 1856 aka kammala layin dogo tsakanin Iskandariya da Alƙahira, kuma wannan bai ba ni wahala ba, domin jirgin ƙasa ne irin wanda muka sani. Amma a 1896 aka fara amfani da wani abin hawa mai aiki da lantarki, wanda aka shimfiɗa wa dogo a tsakiyar titunan birnin, yana tafiya tare da masu ƙafa da keken doki, yana tsayawa unguwa-unguwa. Shi ne taram ɗin, kuma shi nake nema wa suna.

Da na fara tambaya, wani dattijo da ya yi aikin reluwe a Ƙaura Namoda ya ce mini: "Malam, ai duk abin da ya hau dogo jirgin ƙasa ne, kada ka wahalar da yara." Na ce masa: "Baba, gaskiyarka, sai dai idan Bazamfare ya ji jirgin ƙasa, abin da yake gani a zuciyarsa shi ne wanda ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura, layin da ya iso can a 1929 domin kwasar gyaɗa da auduga." Wancan jirgi yana da hanyarsa shi kaɗai, da tasha, da jerin taragai masu yawa, kuma tsakanin garuruwa yake tafiya. Taram kuwa tarago ɗaya ne ko biyu, ba ya fita gari, kuma hanyar da yake bi ta kowa ce. Idan na kira su da suna ɗaya a darasin da dukansu biyu suka fito, ɗalibi ba zai gane dalilin da ya sa birnin da ya riga ya sami jirgin ƙasa ya sake neman wani bayan shekara 40 ba.

Wata malamar Hausa ta ba da shawarar motar dogo, bisa hujjar cewa aikinsa aikin bas ne. Sunan yana da daɗin faɗa, amma ban gamsu ba, saboda mota a wurinmu abu ce mai sitiyari wadda direba ke iya kautarwa ta kauce wa rami, shi kuwa wannan ba ya barin dogonsa ko da taku ɗaya. Wani kuma ya ce jirgin birni. Wannan na fi so a ajiye shi ga metiro, wanda Alƙahira ta buɗe a 1987, wanda wasu daga cikin layukansa ma suka ratsa ta ƙarƙashin Nilu. Shi metiro a cikin birni yake, amma hanyarsa a killace take, mota ba ta shiga.

Abin da na fi karkata gare shi shi ne jirgin titi, kuma hujjata daga cikin harshen take. Asalin jirgi na ruwa ne, irin wanda masunta da masu fito ke tuƙawa a Yawuri da Argungu, sannan da sababbin abubuwan hawa suka zo, sai Bahaushe ya riƙe kalmar ya riƙa bambanta su da wurin da kowane yake bi: na ruwa, na ƙasa, na sama. To, tunda abin da ya raba taram da sauran jirage shi ne bin titi, jingina shi ga titi bin tsarin da magabata suka kafa ne. An yi mini ƙorafi cewa ita kanta titi kalmar aro ce. Haka ne, amma reluwe da tasha ma aro ne, kuma babu ɗan kasuwar Gusau da zai nemi a fassara masa su.

Akwai masu ganin a bar taram kawai yadda aka bar bas. Da abin yana yawo a garuruwanmu, da bakin jama'a ya daɗe da yanke hukunci. Wanda aka taɓa yi a Ikko, mai aiki da tururi, ya fara a 1902 ya tsaya a 1933, saboda haka kalmar ba ta sami zama a kunnenmu ba, kuma kusancin lafazinta da tarago zai sa mai sauraro ya ɗauka wani ɓangare na jirgi ake nufi.

A darasin dai na rubuta jirgin titi, na ambaci taram sau ɗaya a farko domin wanda zai ci karo da ita a wani wuri. Malamanmu na Kabi da ke kusa da iyaka, idan Hausawan Nijar suna da wata kalma da suke amfani da ita a rediyo, ina roƙon ku kawo mana ita kafin ranar Litinin da zan raba takardun.