Gwajin ko-ta-kwana ya tono mana ɓaraka, ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu aikin kwamfuta a Saudiyya. Ina kula da sabobin wani kamfani a Jidda, ajiyarmu ta ko-ta-kwana, wato kwafin tsarinmu da za mu koma kansa idan na Jidda ya tsaya, tana Riyad. Makon jiya muka gwada komawa can. Komai ya tashi a kan lokaci, amma abin da na gani ya hana ni barci.

Asusun ma'aikatan da aka sallama tuntuni sun dawo da rai, domin kwafin Active Directory (manhajar da ke riƙe da asusun shiga na ma'aikata) da aka ɗora tsoho ne. Ƙofar 3389, wadda ake shiga kwamfuta daga nesa ta cikinta, tana kallon intanet kai tsaye, na rufe ta nan take. Bayanan kwastomomi kuma ba a kulle suke da makullin sirri ba.

Maigida ya ce rahoto ya tsaya a kan cewa gwaji ya yi nasara. Raina bai kwanta ba, ga ƙa'idojin NCA, hukumar tsaron intanet ta Saudiyya, ga dokar kare bayanan mutane.

Idan na kulle ajiyar, ina zan adana makullin har in same shi ranar da ambaliya ta tsayar da Jidda? Kuma yaya kuke sa saitunan wuraren biyu su riƙa tafiya tare? Don Allah a taimaka.