Neman kalma: had disk na waje da wurin soka wayar USB

Malamar_Aji: Assalamu alaikum. Gobe da safe ina da darasi kan yadda ake jona had disk (ma'ajiyar bayanai) na waje da kwamfutar girke, da yadda ake ƙara mata wuraren USB masu sauri idan nata tsofaffi ne. Kalma biyu sun tsaya mini a wuya: shi had disk ɗin, da wurin da ake soka wayar. Na rubuta "faifai mai tauri" amma bai kwanta mini ba. A taimaka.

Mai_Gyara: Wa alaikumus salam, Malama. Mu a bakin aiki "hadis" muke cewa, wurin kuma "fot". A rubuce ki ce kafar USB. Ki nuna musu launi: USB 2.0 ta shekarar 2000 megabit 480 take ja a daƙiƙa, 3.0 ta 2008 kuwa gigabit 5, galibi cikinta shuɗi ne. Kwamfutar da ba ta da ita, kati ake dasa mata a ramin PCIe, wato ramin dasa katunan ƙari da ke cikinta.

Ɗalibar_Harshe: Don Allah kada a rubuta "hadis", ya yi kusa da hadisi. "Kafa" kuma, yawancin masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa, mai karatu zai zaci ƙafa ce. Mashiga ta fi.

Tsohon_Malami: Ni tuni na raɗa masa suna: rumbun goyo. Na cikin kwamfuta rumbu ne, na waje goyo ne, a jikinta yake rataye, a jikinta yake shan wuta. Kuma 'ya'yana, me ya kawo "kwamfuta" alhali muna da na'ura mai ƙwaƙwalwa? Harshen da ba ya haifar kalma, aro zai cinye shi.

Mai_Gyara: Baba, da girmanka, ƙaramin nan mai inci 2.5 ne kaɗai ke shan wuta daga USB. Babba mai inci 3.5 da nasa filogi yake zuwa, don volt 12 yake nema, USB ta saba ba da 5. Wannan ai ba goyo ba ne.

Tsohon_Malami: Ku masu sukurdireba kun fi son bakin Bature, shi ke nan. Kunyar Hausa kuke ji a gaban masu kawo gyara.

Mai_Gyara: Wannan maganar ta yi mini zafi, Baba. Da Hausa nake yi wa kowa bayani tun safe har dare. Amma in na ce "rumbun goyo", sai na sake fassara shi.

Ɗalibar_Harshe: Baba, mota, tebur da littafi duk aro ne, ba wanda ya ce sun rage mana daraja. Amma rabin kalmarka daidai ne. Faifai gaskiya ne ga had disk, don in an buɗe shi fayafai ne masu sheƙi kamar madubi suke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti. Sai dai SSD, wani nau'in ma'ajiyar bayanai, ba faifai a cikinsa ko ɗaya, kuma shi ma ana jona shi ta waje. Rumbu ya ɗauke su duka, domin aikin ya faɗa, ba siffar ba.

Malamar_Aji: Na gode ƙwarai. Na ɗauki "rumbun waje" da "mashigar USB". Katin nan na PCIe fa? "Katin ƙarin mashiga" ya yi tsawo?

Mai_Gyara: Bar shi haka, Malama. Ki dai gaya musu su zare wutar kwamfuta kafin su buɗe ta.

Tsohon_Malami: Ki sa "rumbun waje" tunda lokaci ya ƙure miki, 'yata. Ni dai a takarduna goyo zan ci gaba da rubutawa, kuma maganar na'ura mai ƙwaƙwalwa ba mu gama ta ba.